Daga Tafa zuwa Tsohuwar Abuja

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Abuja, in ka ce masa Tafa, abin da zai faɗo masa a rai bai wuce tireloli jere a bakin titi ba, da masu shayi, da hayaƙin tsire, da direbobin da suka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota suna jiran gari ya waye. Wannan karon ba wucewa na zo yi ba. A can na kwana wurin wani abokina malamin makaranta, wanda ya daɗe yana yi mini gori wai na je Kufena, na hau Dala, amma ban san abin da ke binne a ƙasarsu ba.

Da hantsi muka ɗauki shatar mota muka miƙa kudu. Muka wuce Sabon Wuse, hedikwatar ƙaramar hukumar Tafa, garin da aka tsugunar da mutanen Wuse bayan an tashe su don gina babban birnin tarayya. A gefen titi matan Gbagyi, waɗanda muka fi sani da Gwari, suna tafe da itace da doya a kafaɗa, ba a ka ba, wuya a ɗan karkace, tafiya kuwa ba sanya.

Dutsen Zuma tun daga nesa yake tare maka hanya. Da muka tsaya kusa da Madalla muka taka zuwa wajen gindinsa, sai na ga ba shi da santsin da hoto ke nunawa. Jikinsa duk zane ne, dogayen layuka baƙaƙe daga sama har ƙasa inda ruwan damina ke gangarowa, kuma a tsakiyarsu ne fuskar nan take, ido biyu da hanci da baki. Direbanmu ya zaro tsohuwar naira ɗari, irin wadda aka fara fitarwa a 1999, ya juya bayanta ya ɗaga ta saitin dutsen.

"Malam, ka ga dai mu ne a kuɗin," in ji shi. "Amma ko allo ɗaya ka gani da zai gaya maka labarin wurin?"

Ban gani ba. Labarin kuwa akwai shi. Bayan masu jihadi ƙarƙashin Malam Musa sun ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba, garin Koro da ke nan kusa da dutsen. A yaƙi ya ƙare, an kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ƙaninsa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, ya soma ganuwa shekarar da ta biyo. Garin nan shi ne Abuja ta asali, kuma bai taɓa shiga hannun masu tuta ba har Turawa suka iso a 1902. Da gwamnatin Murtala ta zaɓi wannan yanki a 1976, sabon birni ya tafi da sunan, tsohon gari ya koma Suleja, daga sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau. Har gobe Sarkin Zazzau ake kiran mai gadon sarautar.

Da muka shiga Suleja, a ƙofar fada muka tarar da wani dattijo a inuwa yana jan carbi. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ina za mu ga ganuwa?" Ya yi murmushi, ya nuna layin shaguna da bakin sandarsa. "Yaro, ai kun makara. Gari ya cinye ta. Mu da muka yi wasa a kanta mu ne muka san inda ta bi." Ya lissafo mana sarakuna ba gargada, Abu Ja, Abu Kwaka Dogon Sarki, Ibrahim Dodon Gwari, Gani, Musa Angulu, har zuwa Barau. Na zauna ina sauraro ina tunanin jikoki nawa ne a garin za su iya maimaita wannan jeri.

Shi Barau ɗin ya yi nasa ƙoƙarin. Ɗan'uwansa Hassan da Shu'aibu Na'ibi ne suka rubuta tarihin masarautar, kuma a gidan Barau ne Baturen nan Michael Cardew ya ga tulunan wata Bagwariya mai suna Ladi Kwali. Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Hotonta ne a bayan naira ashirin. A hanyarmu ta komawa mun tsaya wurin wata mai sayar da tukwane, na ɗaga wani tulu na shafa. Ba da injin juyi aka gina shi ba, da hannu aka ɗora yumɓu zobe kan zobe, aka ƙarce jikinsa da siffar ƙadangare da kunama, ga tabon wuta baƙi a gefe ɗaya. Takardun kuɗi biyu ke nan na ƙasar nan da ke ɗauke da kayan wannan yanki.

Abin da ya fi duk waɗannan tsufa ban samu zuwa ba. Gabas da Tafa, a Janjala ta ƙaramar hukumar Kagarko, masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus suka kafa sansani suna tonon kayan al'adar Nok, aikin da suka soma a 2005. Mutum-mutumin yumɓu ne da tukwane da burbushin gero, wasu tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, ga kuma murhun narka tama na baya-bayansu. A 2017 aka sace jagoran aikin, Farfesa Peter Breunig, da abokin aikinsa a can, aka sako su bayan 'yan kwanaki, amma mutum biyu 'yan yankin sun rasa ransu. Da na ambaci sunan garin, direba ya ce ko an ninka masa kuɗi ba zai shiga dajin ba. Ban ga laifinsa ba. Masu tonon sata dai ba su daina ba, kan mutum-mutumi ɗaya sai ya tsallaka teku ya koma ado a falon wani attajiri.

A Ayalan akwai wani kabarin duwatsu da ake kira Newgrange, na wajen shekara 3200 kafin Miladiyya, wanda baƙi ke yi wa tururuwa har sai an kama tikiti tun kafin ranar zuwa. Tudu ne aka tsare, aka share hanya, aka sa mai bayani. Namu ba ya buƙatar fiye da haka, sai dai tsaro ya riga komai.

Kafin gwamnati ta waiwayo, akwai abin da ba ya cin kuɗi. Malaman makarantun Tafa da Sabon Wuse da Suleja su kwashi yara su kai su gindin Zuma da ƙofar fada, su zaunar da su gaban dattawa irin wanda muka tarar, su kunna rikodar waya tun mutanen nan suna da rai.