Daren da Na Rufe Littafina

Na daɗe ina ɗauka cewa waƙar da mutum ɗaya ke rerawa da rakiyar fiyano harkar Turawa ce kawai. Ana gobe jarrabawa, barci ya ƙi zuwa, sai na ci karo da faifan Will Liverman na 2021, Dreams of a New Day. Ashe baƙaƙen fatar Amurka irin su Harry Burleigh da Margaret Bonds sun daɗe suna tsara irin waɗannan waƙoƙi.

Wadda ta sa na rufe littafina ita ce ta Shawn Okpebholo, a kan 'yan mata huɗu da bam ya kashe a wani coci a Birmingham a 1963. Uku daga cikinsu shekarunsu 14, sa'o'in ƙanwata. Gari na wayewa, ita na fara kira.