Tsaftar da ta kashe mana kifi

Uwargida, idan yara sun matsa miki sai an sayo musu kifin ado na cikin akwatin gilashi, ga abin da ya same ni. Namu shida ne. Wata Alhamis da babu Islamiyya na ciro soson matatar ruwansu, na ga ya yi baƙi ƙirin, na wanke shi tas da ruwan famfo, har ina yabon kaina. Kafin mako ya zagayo huɗu sun mutu, autata ta wuni tana kuka.

Ashe dattin da na raina gidan wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani. Kashin kifi na fitar da amoniya, guba ce, su ne ke juya ta ta koma naitiret mai sauƙin illa. Kulorin ɗin ruwan famfo ya kashe su, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su sake kafuwa.

In za ki zaɓa, nemi abu mai yawan ƙananan ramuka. Ni yanzu 'yan zobban tangaran nake jerawa bayan soson: soso ya tare datti, zobba su riƙe ƙwayoyin. Auduga kam saurin toshewa take, kina jefar da ita kin jefar da su. In wanki ya kama, ki ɗauraye cikin ruwan da kika ɗebo daga akwatin.