Ashe mutum ne ya rubuta wasan balan-balan!

Jama'a, ku tsaya ku ji abin da na gano! Kun tuna gem ɗin nan mai kaset ruwan ɗorawa da muke jonawa da talabijin a Gummi da zarar an tada janareta? A ciki akwai ɗan mutumin nan mai balan-balan biyu, yana fiffika da hannu, ƙaton kifi na jiransa a ruwa. Balloon Fight ke nan. 'Yan'uwanmu na Anka da Bukkuyum in sun zo hutu, a kansa muke kokawa. Ban taɓa kawowa a raina wani ne ya zauna ya rubuta shi ba. Ashe akwai shi, da sunansa da garinsu: Satoru Iwata, haifaffen Sapporo a Japan, 1959.

Kuma da me ya fara? Da kalkuleta! Yana sakandare ya samu wata ƙirar HP mai karɓar umarni, lambobi kaɗai take nunawa, amma ya haɗa wasanni da ita, abokansa na bugawa. A 1982 ya shiga ɗan ƙaramin kamfani, HAL Laboratory, abin da bai yi wa mahaifinsa daɗi ba ko kaɗan. Kamfanin ya afka bashin yen biliyan 1.5, aka ɗora masa shugabanci a 1993, cikin shekara shida ya biya.

Ga wurin da tsigar jikina ta tashi. Wasan EarthBound ya cije, masu yinsa sun shekara da shekaru suna fama. Iwata ya duba aikin, ya nuna musu cewa gyaran zai ci shekara biyu, amma in an bar shi ya sake ginin daga tushe, wata shida ya isa. Suka amince. Wasan ya fito a 1994. Shugaban kamfani fa, ya naɗe hannun riga ya koma gaban kwamfuta!

A 2002 ya zama shugaban Nintendo, kamfanin da ya fitar da Balloon Fight, na farko da ba shi da alaƙa da gidan Yamauchi da suka kafa shi. A hannunsa aka fitar da na'urorin gem ɗin DS a 2004 da Wii a 2006. Da kasuwa ta juya musu baya, a 2011 da kuma 2014, sai ya rage albashinsa da rabi, ya ƙi yarda a sallami ma'aikata, don a ganinsa mai fargabar kora ba zai yi wasan da zai burge kowa ba. Wallahi sau biyu na karanta wurin nan.

Ciwo a hanyar matsarmama ya yi ajalinsa ranar 11 ga Yuli, 2015, yana da shekara 55, yana kan kujerar shugabancin.