Awon Igiya

Gonar mahaifinmu tana bayan garin Funtua. A cikinta muka koyi cirar auduga da karyar masara. Da Allah ya yi masa rasuwa aka raba gado, mu bakwai, kowa ya tashi da abin da bai isa noma ba. Sai dillali ya zo da igiyarsa da turakunsa. Kafin la'asar gona ta zama filaye. Muka bar lungu wanda da ƙyar amalanke za ta ratsa. Kwarin da ruwa ke bi tun muna yara, shi ma muka sa aka auna, muka karɓi kuɗinsa.

Yawancin masu sayen mutanen Faskari ne da Sabuwa da Ɗandume, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Babu wanda ya tambayi taswira. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mai unguwa ya shaida, aka sa hannu, aka yi fatiha.

Damina ta biyu ruwa ya dawo neman hanyarsa. Cikin dare ɗaya ya kwantar da katanga da ɗaki guda na wata baiwar Allah mai riƙon marayu huɗu. Da safe ta zo ƙofar gidanmu, ta gaishe mu, ta ce, "Malam, ashe kun san hanyar ruwa ce?" Mun sani. Muka sunkuyar da kai.

A ranar 15 ga Fabrairun 2025 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina. 'Yan takarar kansila da na ciyaman sun zo har majalisarmu. Mun roƙe su taki, mun roƙe su rijiyar burtsatse. Ko mutum ɗaya a cikinmu bai ta da zancen fili ba, don mun ɗauka wannan sha'anin gwamna ne kaɗai.

Ashe ba haka ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa wa gwamna ƙasar jiha amana, amma a wajen yankin da aka ayyana birni, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗora mata tituna da magudanan ruwa da kasuwanni da maƙabartu, har sanya wa layuka suna da gidaje lamba. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ta kasonta kai tsaye. Duk abin da unguwarmu ta rasa yana cikin aikin mutanen da muka sallama da buƙatar taki.

Mun haɗa kuɗi mun tayar wa matar ɗakinta, amma har yanzu a bakin kwari take kwana, duk hadarin da ya haɗo sai ta tashi yaran. Kwanan baya wani ɗan'uwanmu a Malumfashi ya kira, ya ce zai yanka gonarsa. Muka ce ya fara fitar da hanyar ruwa da ta mota da burtali, sannan ya kira mai igiya.

Wanda zai sake zuwa neman ƙuri'armu kuwa, tabarma tana nan. Amma kafin ya zauna, sai mun kai shi bakin kwarin nan ya faɗa mana ina ruwan zai bi.