Hayaƙin Murhu da Dakarun Huhu

A ƙauyukan Batsari da Safana, in tsohuwa ta daɗe tana tari, numfashinta na sarƙewa, akan ce tsufa ne, ko kuwa gadon gidansu ne. Wata dattijuwa da ke zaune daura da Dajin Rugu ita ma haka ta ɗauka. Ba ta taɓa kai taba bakinta ba, amma ta shekara kusan 50 durƙushe gaban murhu a madafi marar taga, tana hura icce, in ya yi wuya ta koma ga kara. Ran nan jikarta ta tambaye ta, "Iya, kin bar girki tun bara waccan, me ya hana tarin nan tafiya?" Tsohuwa ta ce, "Sai Allah, 'yar nan."

Allah kuwa ya sanar da bayinsa wani abu game da wannan. A cikin huhu akwai fararen ƙwayoyin jini, watau dakarun jiki, masu haɗiye ƙura da toka da ƙwayoyin cuta. Kowanensu na ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 20,000, amma ba duka ke aiki lokaci guda ba. Misalinsu kamar ɗalibi ne da littafinsa, shafin da aka buɗe masa shi yake karantawa. Hayaƙin yau da gobe yakan buɗe shafukan faɗa, sai dakarun su yi ta kiran 'yan'uwansu daga jini, su kuwa su zubo wani sinadari mai narkar da bangon jakunkunan iska. Bincike a kan mashaya taba ya nuna kumburin yakan ci gaba bayan an rabu da hayaƙi, bangon da ya narke kuwa ba ya komawa.

Gado ma yana da nasa rabo. A 1963 Laurell da Eriksson suka gano a Suwidin cewa akan haifi wasu da ƙarancin wani sinadari da hanta ke yi don kare huhu. Amma irinsu kaɗan ne cikin mutum miliyan 3.23 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo na toshewar huhu ya kashe a 2019.

Saboda haka, abin da uwa ta fi gadar wa 'yarta a nan shi ne murhu. Wannan gado kuwa ana iya sake shi: a huda wa madafi taga, a yi girki a fili, a hura busasshen icce, a sauke goyo nesa da hayaƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.