Tokar Da Na Daina Gogewa

Ni tela ne a Zangon Kumasi, a nan aka yanke mini cibiya, a nan kuma furfura ta same ni. Da Hausa na buɗi baki a tsakar gida, amma iyayena Dagaba ne daga Jirapa, can arewa. Kakana yana cikin waɗanda suka karɓi baftisma bayan Fararen Fada sun buɗe mishan a garin a shekarar 1929. Watau ni Katolika ne, jikan Katolika, na kuwa tashi a gidan haya na wani Alhaji mai fataucin goro, inda ɗakinmu kaɗai ne ba a salla.

Ina yaro abin bai dame ni ba. Ran Salla mu ci naman Alhaji, ran Kirsimeti mahaifiyata ta raba shinkafa ɗaki-ɗaki. Har sa'ad da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Kumasi cikin watan Mayu na 1980, da abokaina Musulmi muka tafi kallo. Sai da na zama saurayi, na shiga koyon ɗinki, sa'an nan kunya ta kama ni. Wata rana wani yaro ya kira ni arne a bakin shago, maganar ta zauna mini a rai. Daga nan na soma ɓoye rosarina a aljihu, in za ni coci kuma sai in ce za ni kasuwa.

Ranar da ta fi yi mini wuya a shekara ita ce Larabar Toka. Bari in yi bayani saboda waɗanda ba su sani ba. Ita ce ranar farko ta azuminmu na kwana 40 kafin Ista, ban da ranakun Lahadi. Ana ƙona ganyen dabinon da muka riƙe a Lahadin Dabino ta bara, Fada ya shafa wa kowa tokar a goshi, ya tuna masa cewa daga ƙasa ya fito kuma can zai koma. To, babban cocinmu na Waliyyi Bitrus yana kan tudu ne dab da Zango, tafiyar ƙafa ce. Kowace shekara sai in fito da toka a goshi, kafin in shiga unguwa in tsaya a famfo in wanke ta tas.

Wata shekara ina sunkuye ina wankewa, sai na ji gyaran murya a bayana. Ashe Alhaji ne ya dawo daga wajen masu goro. Ya ce, “Ɗana, me kake wankewa?” Na ce, “Ƙura ce, Baba.” Ya ce, “Shekara nawa uwarka tana shigo mini gida da irin wannan ƙura, ban taɓa ganin ta wanke ba. Ka ji in gaya maka, wanda ya ji kunyar addininsa a gabana, ba ni ba shi ajiyar kuɗina.” Ya wuce abinsa. Ni kuwa na tsaya ruwa yana zuba, na rasa inda zan sa kaina. Tun daga wannan shekara ban sake tsayawa a famfon nan ba.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Da na buɗe shagona, akwai waɗanda suka ga gicciye a bango suka ɗauke ɗinkinsu, ba su dawo ba har yau. A coci ma akwai masu ganina da babbar riga da Hausa a baki su ɗauka ɓatan kai na yi. Amma da na bar ɓoyo sai na ga wani nauyi ya hau kaina, domin yanzu duk abin da na yi, cewa za a yi ga halin 'yan Roman. Kowa ya san halinmu teloli in Salla ta matso: mu karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinmu, mu yi ta cewa gobe, ragowar yadi kuma ta shige ƙarƙashin teburi. Ni ma na yi. Ranar da na je faɗin zunubaina na ambaci wannan, Fada ya ce in mayar da abin da ke hannuna tukuna. Na bi gida bakwai da ƙyallaye a leda, wata tsohuwa har tana dariya tana cewa ita ta ma manta. Yanzu in littafin awo ya cika sai in ce wa mutum ya yi haƙuri ya nemi wani.

Almajiraina na shago duk Musulmi ne. In an kira salla ni ne mai cewa su ajiye almakashi, in kuma ƙararrawar coci ta kaɗa da tsakar rana, su kan rage rediyo in yi addu'ata. Ban taɓa jan ɗan kowa zuwa coci ba, amma wanda ya tambaye ni, ina ba shi amsa iyakar sanina. Sun tambaye ni ko Maryamu muke bauta wa, na ce a'a, roƙonta muke yi ta yi mana addu'a, sujada ta Allah ce. Sun tambaye ni wane irin azumi ne ake shan ruwa, na ce namu ci ɗaya ne mai ƙoshi a Larabar Toka da Juma'ar da muke tuna mutuwar Yesu Almasihu, da barin nama kowace Juma'a ta azumin, tare da addu'a da sadaka. Inda muka bambanta ban ɓoye ba, su ma ba su ɓoye mini.

Sa'ad da ciwon ajali ya kama mahaifiyata, ta roƙa a kira Fada ya shafe ta da mai mai tsarki. Na je wurin Alhaji ina jan ƙafa, don gidansa ne. Kafin in gama magana ya sa an share zaure, ya ce mata su dakata da daka, ya tari Fada da kansa a ƙofa. Da ta cika, mutanen Zango ne suka cika tabarmin makoki.

Manyanmu ma sun nuna hanya. A 1965 babban taron bishop-bishop na Batikan ya rubuta cewa Ikkilisiya tana duban Musulmi da girmamawa. A 2019 kuma Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya shiga cocin Katolika a Ankara, babban birninmu, ran Lahadin Ista. Da na ga hoton sai Alhaji ya faɗo mini a rai, shi da ya daɗe da rasuwa.

A 2025 Larabar Toka ta faɗo ran 5 ga Maris, Ramadan yana 'yan kwanakinsa na farko. Na shigo unguwa da tokata, sai jikan Alhaji ya dubi goshina ya ce, “Baba, ashe ku ma kun ɗauka.” Da magariba ya aiko mini da koko da ƙosai.

Ga 'yan'uwana Katolika da ke zaune a zanguna, daga Tamale har Nima, shawarata ita ce kada mu wanke tokar, mu kuma mayar da ragowar yadin mutane. Allah ya bar mu tare da maƙwabtanmu lafiya, amin.