Daga Zangon Agege Zuwa Apapa: Asalin Jirgin Ruwan Nan Damisa

Bahaushen Agege yakan shekara ashirin a Ikko bai taɓa ganin teku ba. Goro da shanu sun ishe shi. Amma duk wanda ya hau mota daga Zango, ya ratsa Oshodi, ya jure wa cunkoson manyan motocin da ke hanyar Apapa, zai isa hedkwatar Rundunar Yamma ta sojan ruwan Nijeriya, ya tarar da wata duniya dabam.

A cikin 1981 sojan ruwan suka karɓi jiragen yaƙi uku masu gudun tsiya daga Jamus: Ekpe da Agu da Damisa. Sunan dabba guda ne cikin harsuna uku, na ukun kuwa namu ne. Kamfanin Lürssen na Vegesack, a birnin Bremen, shi ya ƙera su, shi ne kuma ya ƙera kakanninsu.

Labarin ya faro ne daga jirgin shan iska da kamfanin ya yi wa wani attajirin Amurka, Otto Kahn, a 1927. Sojan ruwan Jamus suka ga gudunsa, suka yi sha'awa, a 1930 aka ba su na farko. Zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tsawon jirgin ya kai ƙafa 115, yana gudun mil 50 a awa, ɗauke da tofido, watau bam mai tafiya a ƙarƙashin ruwa. Jikinsa katako ne bisa haƙarƙarin ƙarfe marar nauyi, gindinsa kuma kamar ƙwarya, saboda haka igiyar ruwa ba ta hana shi gudu. Babbar dabarar ita ce injinansa uku na dizal. Yawancin takwarorinsa na Ingila fetur suke sha, fetur kuwa ba ya shiri da harsashi.

A Afrilu 1944 tara daga cikinsu suka afka wa sojan Amurka da dare suna atisaye a gaɓar Ingila, aka rasa mutum 749.

Damisa ta fi su girma, ƙafa 190, jikinta ƙarfe, makaminta kuwa, lokacin da aka karɓe ta, mai linzami ne maimakon tofido. Sai dai sayen irin wannan jirgi ya fi riƙonsa sauƙi, domin ruwan gishiri ba ya jiran kasafin kuɗi. Daga cikin kakannin nata guda ɗaya ya rage, S-130, yana Ingila, ƙasar da aka ƙera shi don ya yaƙa.